Kyamara ɗaya za ta iya faɗa mini nisan jirgin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a fannin kwamfuta, ina aikin kammala digiri a Legas. Na samu izinin kafa kyamara a saman wani bene da ke bakin teku, inda ake hango jiragen da ke jiran shiga tashar Apapa. Manhajar da na rubuta tana gane jirgi ta zana masa akwati, amma malamina ya ce sai ta riƙa faɗin nisan kowane jirgi. Ba ni da kuɗin radar, ba ni da na kyamara biyu. Kyamara ɗaya za ta iya, ko in canza aiki tun da sauran lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka canza aiki. Za ta iya, amma da iyaka, kuma iyakar tana lissaftuwa da biro da takarda tun kafin ka ƙara layi ɗaya a manhajarka. Wannan lissafin nake so mu yi tare, domin shi zai nuna maka irin gilashin kyamarar da za ka saya da kuma alkawarin da bai kamata ka yi wa malaminka ba.

Kyamara kusurwa take aunawa. Iyakar abin da ta sani ke nan: haske ya shigo ta wannan fuska, wancan ta waccan. Kwale-kwalen masunta mai tsawon mita 10 da ke nisan mita 300, da jirgin dakon kaya mai tsawon mita 200 da ke nisan kilomita 6, faɗinsu ɗaya ne cif a cikin hoto. Babu dabarar da za ta raba su daga faɗin kaɗai. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to abin da ya sa ya san kimar shi ne ya riga ya san girman mutum da na raƙumi da na hasumiya. Ita ma kyamara sai ka kawo mata wani tsawo da ka sani tabbas daga wajen hoton. A bakin teku tsawo biyu ne a hannunka: tsayin kyamarar daga fuskar ruwa, da girman jirgin kansa. Duk wata hanya da za ka karanta, in ka tono ta, ɗaya daga cikin biyun nan ce a ƙarƙashinta.

Sai ma'auni. Digiri, wato ma'aunin kusurwa da aka saba, ya yi girma ga wannan aiki, don haka muna amfani da miliradiyan. Ma'anarsa mai sauƙi ce: abu mai tsawon mita ɗaya, in yana nisan kilomita ɗaya, ya cika miliradiyan ɗaya. Digiri ɗaya kusan miliradiyan 17.5 ne. Ɗauki kyamarar tsaro irin wadda aka fi samu a kasuwa, mai fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 1920 a kwance, wadda ke ganin faɗin digiri 60. A tsakiyar hotonta kowane fiksel yana ɗaukar kusan miliradiyan 0.6. Riƙe wannan lamba, za mu yi ta komawa gare ta. Amma kada ka amince da abin da aka rubuta a jikin kwali. Buga takarda mai murabba'ai baƙi da fari irin na allon wasan diraf, manna ta a kan katako madaidaici, ka ɗauki hotonta sau ashirin ko fiye daga fuskoki daban-daban, ka ba OpenCV, manhajar sarrafa hotuna, ta fitar maka da ainihin lambobin kyamarar. Hanyar Zhengyou Zhang ce, wadda ya wallafa a shekarar 2000, kuma ita ce dai ake amfani da ita har yau. Za ta kuma gaya maka yadda gilashin ke lanƙwasa layi a gefunan hoto, abin da ke sa miƙaƙƙen layi ya yi kama da baka. Bayan ka gama, kulle zum ɗin, kulle saitin da ke gyara kaifin hoto da kansa, ka kashe wanda ke hana hoto rawa. Duk wanda ya motsa a cikinsu, awonka ya tashi a banza.

Hanya ta farko, wadda na fi so domin ba ta buƙatar ka san komai game da jirgin, ita ce ta layin da sama ta haɗu da ruwa. Bari in riƙa ce masa mahaɗa. In ka tsaya a kan tudu ka dubi teku, abin da ke kusa da kai sai ka sunkuyar da ido kafin ka gan shi, abin da ke nesa kuwa yana hawa sama a ganinka har ya je ya taɓa mahaɗa. Saboda haka tazarar da ke tsakanin mahaɗa da inda jikin jirgi ya taɓa ruwa tana ɗauke da labarin nisansa. Tazara babba, jirgi na kusa. Tazara ƙarama, jirgi na nesa. Matuƙa jirgi sun daɗe da sanin wannan. Littafin tuƙin jirgin ruwa na Bowditch, wanda aka fara bugawa a Amurka a 1802 kuma ake sabunta shi har yanzu, yana da jadawali na musamman don wannan awo. Masu ƙidayar manyan dabbobin teku su ma da shi suke aiki, da madubin hangen nesa mai zane-zanen awo a cikin gilashinsa: su ɗora zanen sama a kan mahaɗa, su ƙirga zane nawa ne zuwa inda dabbar ta ɓullo. Kai fiksel za ka ƙirga a madadin zane, bambancin ke nan.

Ga lissafin. In h ne tsayin kyamara daga ruwa, d ne nisan jirgi, R kuma nisan tsakiyar duniya zuwa doronta, duka ukun da ma'auni iri ɗaya, to kusurwar da ke tsakanin mahaɗa da gindin jirgi, a radiyan (miliradiyan dubu), ita ce h/d + d/(2R) − √(2h/R). Kashi na farko shi ne abin da za ka samu da a ce duniya shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Sauran biyun gyara ne saboda duniya ƙwallo ce, kuma ita kanta mahaɗa tana ɗan ƙasa da saitin idonka. Ainihin R kilomita 6,371 ne, amma iska tana lanƙwaso haske ya ɗan bi doron ƙasa, don haka a aikace ana sa kusan 7,300. Da wannan, nisan mahaɗa a kilomita yana kusan 3.8 sau √h, in h a mita ne: kilomita 12 daga tsayin mita 10, kilomita 21 daga tsayin mita 30. Ba sai ka wahalar da kanka wajen juya lissafin ba. Sa kwamfuta ta lissafa kusurwar kowane nisa daga mita 100 har zuwa mahaɗa ta ajiye a jadawali, in ka auna kusurwa sai ka duba.

Yanzu mu zuba lambobi, domin a nan ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa. Ba ka faɗi tsayin benenka ba, bari mu fara da mita 10, kamar hawa uku. Da kyamarar nan mai digiri 60, jirgin da ke nisan mita 500 zai zauna fiksel 31 ƙasa da mahaɗa. Na kilomita 1, fiksel 14. Na kilomita 2, kusan 6. Na kilomita 3, uku. Na kilomita 5, fiksel ɗaya tak. Ka ga ke nan duk ruwan da ke tsakanin kilomita 5 da kilomita 12, wato kilomita bakwai cur, a cikin fiksel ɗaya ya dunƙule. Kuskuren fiksel ɗaya a mita 500 yana jawo kuskuren mita 15, a kilomita 1 mita 60, a kilomita 2 sama da mita 240. Nisa ya ninka biyu, kuskure ya ninka huɗu. Wannan ba laifin manhaja ba ne, haka lissafin yake, kuma babu wanda ya taɓa kauce masa.

Jiragen da kake hangowa sun jefa anga ne kilomitoci da dama daga gaɓa, wato daidai yankin da wannan kyamara ta makance. Abu biyu ne ke ceto, hawa sama da matse gani. Daga tsayin mita 30, jirgin kilomita 5 zai koma kusan fiksel 6 ƙasa da mahaɗa a wannan kyamara ɗin dai. In kuma ka sa gilashin hangen nesa mai ganin digiri 10 kawai, kowane fiksel ya zama kusan miliradiyan 0.09, jirgin kilomita 5 zai zauna fiksel 38 ƙasa da mahaɗa, na kilomita 10 fiksel 9. Kuskuren fiksel ɗaya ya sauko zuwa mita 80 a kilomita 5, da kusan mita 400 a kilomita 10. Wannan abin nunawa ne a gaban malamai. In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, gilashin za ka saya, ka roƙi mai bene ya bar ka ka hau can ƙololuwa. Farashin da za ka biya shi ne ganinka zai ƙuntata, sai ka zaɓi yanki ɗaya na teku ka haƙura da sauran.

Kada kuma rashin kyamara ta biyu ya dame ka. Kyamara biyu da ke da tazarar mita ɗaya a tsakaninsu, bambancin da za su gani a jirgin kilomita 1 bai kai fiksel biyu ba a gilashi mai faɗi. Kai kuwa tsayin benenka ne ke tsaya maka a matsayin wannan tazara, mita 10 ko 30, kyauta. A nisan teku, mai kyamara ɗaya a kan bene ya fi mai biyu a kan tebur.

To sai abubuwan da ke ɓata awon, kuma suna da yawa fiye da yadda takarda ke nunawa.

Tsayi tukuna. In ka yi kuskuren kashi 10 cikin 100 a tsayin kyamara, kusan haka zai fito a nisan jiragen kusa. Kuma tsayin daga fuskar ruwa ake auna shi, ba daga ƙasan bene ba. Ni da kaina na taɓa yin kwanaki ina neman kuskure a manhaja, duk jiragen suna fitowa kusa fiye da inda suke, ashe wanda ya auna mana tsayin daga daɓen gada ya fara, ya manta ruwan na can ƙasa. Shi ma ruwan ba ya zama wuri ɗaya, yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini. A Legas abin da sauƙi, bambancin yana wajajen mita ɗaya, amma mita ɗaya a cikin goma kashi 10 cikin 100 ne. Sami jadawalin cikowar ruwa na tashar ka sa shi a lissafi. A bene mai mita 30 matsalar ta ragu sau uku, wani dalilin hawa sama ke nan.

Na biyu ya shafi akwatin da manhajarka ke zanawa. Ina tsammanin YOLO, manhajar gano abubuwa a hoto, ko ɗan'uwansa kake amfani da shi. Ƙasan akwatin ba shi ne inda jirgi ya taɓa ruwa ba. An horar da irin waɗannan manhajoji ne su kewaye abu, in akwatin ya zarce da fiksel uku ko huɗu babu wanda ke ɗaukarsa laifi, kai kuwa fiksel uku a wurinka kilomita ne. Akwatin yakan haɗiye inuwar jirgi a ruwa, ko kumfar da ya bari a baya, kuma yana rawa daga hoto zuwa hoto ko da jirgin bai motsa ba. Ɗauki akwatin a matsayin manuni kawai. A cikinsa sai ka nemi layin da launin jikin jirgi ya yanke ruwa ya fara, ka auna shi a hotuna da yawa a jere, misali na daƙiƙa goma, ka ɗauki na tsakiya. Hakan yana shafe hawa da saukar igiyar ruwa, har ya ba ka awon da ya fi fiksel ɗaya kaifi. Ka kuma adana hoto kamar yadda ya fito daga kyamara. Hoton da aka matse, balle wanda ya bi ta WhatsApp, gefunan nan da kake nema ne farkon abin da yake rasawa.

Na uku, ita kanta mahaɗar. A rana mai haske samunta ba wuya, layi ne miƙaƙƙe. Amma za ka yi aiki a gaɓar Tekun Gini, inda daga wajen Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ke gangarowa daga arewa har bakin teku. Ran da ya yi kauri, ruwa da sama sukan narke su zama toka ɗaya, manhaja kuma ba ta cewa ban gani ba. Za ta kama wani layin, gindin gajimare ko inda hazo ya datse gani, ta ce ga mahaɗa. Da damina ruwan sama zai yi maka irin wannan. Sa'arka ita ce kyamararka a kafe take. Auna layin mahaɗa a ranaku masu haske ka ajiye, ran hazo ka yi aiki da ajiyayyen. Don ka tabbata iska ko zafin rana ba su karkatar da ƙarfen da ke riƙe da kyamarar ba, bar wani abu kafaffe a gefen hoto, kamar kan wani gini ko katangun duwatsun nan biyu da suka miƙe cikin teku a bakin mashigar tashar Legas, in suna cikin ganinka. In abin nan ya gusa da fiksel biyu, ka san kyamara ce ta gusa, sai ka gyara.

Akwai kuma lanƙwasar haske. Lambar 7,300 da na ba ka matsakaiciya ce. Tana canzawa da bambancin zafin ruwa da na iskar da ke kansa, shi ne dai abin da ke haifar da kawalwalniya a kan kwalta da tsakar rana. Iska mai ɗumi a kan ruwa mai sanyi tana ɗaga mahaɗa, wani lokaci har ka ga jirgi kamar yana lilo a sama. Ga jiragen kusa wannan ba abin damuwa ba ne. Ga na kilomita 10 a gilashin hangen nesa, fiksel ɗaya ko biyu ne a rana ta yau da kullum, fiye da haka a ranar da yanayi ya birkice.

Hanya ta biyu ita ce girman jirgi, kuma tana da ƙarfi daidai inda ta farko ta raunana. Nisa a kilomita shi ne tsawon jirgi a mita, a raba da kusurwar da ya cika a miliradiyan. Jirgi mai mita 200 da ya ba ka gefe a kilomita 5 ya cika miliradiyan 40, fiksel 66 ko a kyamara mai faɗin gani, kuskuren fiksel ɗaya kashi 1.5 ne kacal cikin 100. Tsohuwar dabara ce ta sojojin ruwa. Bradley Fiske, hafsan sojan ruwan Amurka, ya ƙera na'urar hannu mai wannan aiki a shekarun 1890, ya kuma yi amfani da ita a yaƙin gaɓar Manila na 1898: ka sa mata tsayin turken jirgin abokan gaba, ta ba ka nisa. Lura da cewa tsayi ya zaɓa, ba tsawo ba, kuma da dalili. Jirgi ba kullum yake ba ka gefe ba. In ya juya da digiri 30, tsawon da kake gani ya ragu zuwa kashi 87 cikin 100, manhajarka ta tura shi nesa da kashi 15. In ya fuskanto ka, sai faɗinsa kawai za ka gani. Jiragen da ke kan anga kuwa wuni suke suna juyawa bisa ga iska da jan ruwa, wanda ka gani dogo da safe kana iya ganinsa guntu da la'asar bai je ko'ina ba. Tsayi ba ya canzawa da juyawa, amma yana canzawa da lodi: tankar mai da ta cika ta nutse da mitoci da dama fiye da wadda ta sauke. Sannan jirgin da ya wuce mahaɗa gindinsa ya ɓuya a bayan doron ruwa. Daga tsayin mita 10, jirgin kilomita 20 ya rasa kusan mita 4 na ƙasansa. Irin wannan jirgi, manhajarka ta rubuta kawai cewa ya wuce mahaɗa, ta nuna nisan mahaɗar a matsayin mafi ƙarancin nisansa.

Daga ina za ka san girman? Wani lokaci kayan da ke kan jirgin ne za su gaya maka. Kwantenar da aka fi amfani da ita girmanta ƙayyadadde ne a duk duniya: doguwar mita 12.19, gajerar mita 6.06, faɗi mita 2.44, tsayi mita 2.59 ko 2.90. In gilashinka ya isa ka ƙirga layukan kwantena, ka sami mudu a kan jirgin. Amma babbar hanya ita ce AIS, tsarin da jirage ke sanar da kansu ta rediyo, kuma a ganina ita ce za ta mai da aikinka na gaske. Dokar kiyaye rayuka a teku ta duniya, SOLAS, ta wajabta wa jirage masu girman tan 300 zuwa sama da ke tafiya tsakanin ƙasashe, da duk jiragen fasinja, su riƙa watsa sunansu da wurin da suke da saurinsu da tsawonsu da faɗinsu ta rediyo, a kan mitoci biyu, megahaz 161.975 da 162.025. Jirgin da ke tafiya yana aiko wurinsa duk bayan 'yan daƙiƙu, wanda ke kan anga duk minti uku. Da 'yar na'urar kama rediyo mai shiga kwamfuta ta USB da eriya a saman benen za ka iya kamawa. Ka dai tambayi malaminka ya tabbatar maka da ƙa'idar hukuma kan sauraron rediyon da kuma ɗaukar hoto kusa da tasha, domin izinin mai bene daban, na hukuma daban.

Za ka iya cewa, in AIS na faɗin wurin jirgi, me ya rage wa kyamara? Abin da ya rage shi ne duk wanda ba ya magana. Kwale-kwalen katako na masunta ba su da AIS, radar ma da ƙyar take ganinsu a cikin igiyar ruwa, ga kuma jiragen da ke kashe na'urar da gangan. Saboda su ake wannan bincike. To sai ka mai da manyan jirage malaman kyamararka. Duk jirgin da ya faɗi wurinsa, ka san ainihin nisansa daga benenka, ka kuma san layin fiksel ɗin da gindinsa ya zauna. Tara irin wannan na makonni, ka zana nisa a gefe guda fiksel a ɗaya gefen, ka daidaita lissafin nan na sama a kansu. Daga nan za ka fitar da ainihin tsayin kyamara da karkatarta, har da lanƙwasar hasken ranar, ba tare da ka hau tsani da igiyar awo ba. Sa'an nan ka juya ga kwale-kwalen da bai ce komai ba. Hattara biyu kawai: agogon kwamfutarka ya yi daidai da na GPS, in ba haka ba za ka haɗa hoton yanzu da wurin ɗazu, kuma tsawon jirgi a AIS hannun mutum ne ya shigar da shi, akan sami kuskure.

Na san za ka ci karo da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu fitar da zurfin hoto daga kyamara ɗaya, irin MiDaS da Depth Anything. Suna burgewa a ɗaki da kan titi. Ban ba ka shawarar ka ɗora aikinka a kansu ba. Asalin abin da suke bayarwa jeri ne, wannan ya fi wancan kusa, ba mita ba. Waɗanda aka koya wa mita kuma da hotunan ɗakuna da tituna aka koya musu, kamar tarin KITTI na birnin Karlsruhe a Jamus, inda ake tsayar da gwaji a mita 80. Kai mafi kusan jirginka ya ninka haka sau da yawa, kuma teku ba shi da bango ko bishiya ko zanen titi da za su jingina da shi. Inda basirar ke da amfani a wurinka shi ne raba hoto gida uku, sama da ruwa da jirgi, don gano mahaɗa da gindin jirgi da kyau, da kuma gane nau'in jirgi don ƙiyasta girmansa in babu AIS. Akwai tarin bidiyon jiragen ruwa na Singafo da masu bincike suka saki, za ka iya fara gwaji da shi. Nisa kuwa bar wa lissafi, shi ne za ka iya kare shi in an tsare ka da tambaya.

Wata rana za a ce ka ɗora kyamarar a kan jirgi, bari in ɗan taɓa wannan. Can komai na rawa, mahaɗa tana karkata tana hawa tana sauka, dole a neme ta a kowane hoto. Za a ce maka sa na'urar auna karkata irin ta cikin waya. Tana taimakawa wajen nuna inda za a nemi layin, amma masu araha kan yi kuskuren rabin digiri zuwa ɗaya, alhali jirgin mita 500 daga tsayin mita 10 kusan digiri ɗaya ne kacal ƙasa da mahaɗa. A kan jirgi kuma akwai abin da kyamara ɗaya ke bayarwa ba tare da sanin nisa ko girma ba, wato lokacin da ya rage kafin haɗuwa. In faɗin jirgin da ke tunkaro ka ya tashi daga fiksel 50 zuwa 55 cikin minti ɗaya, raba 50 da 5, saura minti 10 in kowa ya ci gaba da saurinsa. Haɗa wannan da ƙa'ida ta 7 a dokokin kauce wa karo a teku na 1972, wadda ta ce jirgin da ke matsowa alhali fuskar da kake ganinsa ba ta canzawa, a ɗauka akwai haɗarin karo, ka ga kyamara ta ba kyaftin abin da ya fi buƙata. Da dare kuwa kyamarar yau da kullum fitilu kawai take gani, fitila kuma tana sama da ruwa da tsayin da ba ka sani ba, don haka hanyar mahaɗa ta faɗi sai da kyamarar zafi, mai gani da ɗumin jikin abu, wadda fiksel ɗinta kaɗan ne, galibi 640 a kwance, ga tsada. Rubuta a aikinka cewa na rana ne.

Game da abin da manhajar za ta nuna: kada ta rubuta mita 6,482. Ta rubuta kilomita 6.5, da ragi ko ƙarin mita 200, kuma wannan tazara ta fito daga lissafin kuskuren fiksel da muka yi, tana faɗaɗa yadda nisa ke ƙaruwa. In hanyoyin biyu sun ba da amsa, fifita ta mahaɗa a kusa, ta girma a nesa, in suka saɓa sosai ta ɗaga alama maimakon ta raba tsakani. Wajen gwaji kuma raba bayananka bisa kwanaki. Jirgin da ke kan anga zai ba ka hoto dubu masu kama da juna, in rabinsu na cikin koyo rabi na cikin gwaji, sakamakon zai yi kyau na ƙarya. Koya da makon farko, gwada da na uku, ka nuna kuskuren kilomita 1 zuwa 3 daban, na 3 zuwa 6 daban, na sama da haka daban, ranakun hazo ma a shafinsu.

Aiko mini da hawan da za a ba ka a benen, da sunan kyamarar, da hoto ɗaya na asali da ka ɗauka da hantsi ranar da sama ta washe, in duba fiksel nawa ne tsakanin mahaɗa da jirgin da ya fi nisa kafin ka kashe kuɗi a kan gilashi.